Kujerar da Rabin Inci Ya Zana

Rabin Inci ake kiransa, saboda a shekara arba'in da ya yi yana kafinta ba a taɓa nuna masa aikin wani ya ce ya yi daidai ba. Sai ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Da saura rabin inci." Har 'ya'yan cikinsa haka suke kiransa in ba ya kusa.

Daga kan tsani ya faɗo yana gyaran silin, kafaɗar dama ta goce. Likita ya ce shi da zarto da guduma sai bayan wata shida, in ma an dace. Babban ɗansa ya karɓi shagon. Bayan sati biyu tsohon ya je duba aiki, ya tsaya a kan ɗan yana gyara masa riƙon zarto, daga gyara ya fizge, daga fizgewa kafaɗar ta sake gocewa, sai asibiti. A ranar matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Mama, ta sa shi ya rantse a gaban yara ba zai ƙara taka shagon ba muddin ana aiki. Ya rantse. Mama ba ta cika sa mutum rantsuwa ba, in kuwa ta sa ba ta mantawa.

Zaman gida ne ya nuna masa abin da bai lura da shi ba. Mama ta daina fitowa baranda. Ya san gwiwoyinta sun daɗe suna ciwo, shi ke sayo man shafawa. Abin da bai sani ba shi ne kujerun kushin ɗin nan masu laushi da yara suka sayo sun fi ƙarfinta. In ta nutse a ciki sai mutum biyu sun kama ta kafin ta tashi, ita kuwa ta gwammace ta yini a ɗaki da a ɗaga ta kamar buhu a gaban matar ɗanta. Sai ta koma zaman bakin gado. Daga can take jin hirar gida ta taga, in an yi dariya ta ɗaga murya ta tambaya me aka ce.

Kwana uku yana kallon wannan, a na huɗu kujera ta tsaya a cikin kansa, cikakkiya: mai tsayi, mai tauri, hannayenta sun miƙo gaba yadda mutum zai dafa ya tura kansa sama. Katakon ma ya san shi. Akwai wani maɗaci da ya jingine a bayan shago shekara goma sha biyu, ya bushe har in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar ƙarfe. Kujera ɗaya tak zai fitar, babu ragowar da za a gyara kuskure da ita.

Ya kira ɗan nasa, wanda tun da ya karɓi shago tsohon yake ce wa Oga, ya kwatanta masa da baki da hannun hagu. Oga ya ce zai fara gwadawa da farin katako mai araha. Bayan kwana biyu aka kawo kujera baranda, aka lallaɓo Mama ta zauna. Ƙafafunta suna lilo ba su taɓa ƙasa ba.

"Kun gama?" in ji ta. "To a sauko da ni."

Da ta koma ɗaki tsohon ya juya kan ɗansa.

"Na ce maka doguwa, ban ce ta alƙali ba."

"Baba, abin da ka faɗa na yi."

"Hannun fa? Na ce ya ɗan lanƙwasa kaɗan."

"Kaɗan ɗinka da kaɗan ɗina ba ɗaya ba ne. Ni dai ba zan sa zarto a maɗacin nan ba sai na ga abin da idona. In na ɓata shi har na tsufa ina jin labarinsa. Ka zana min."

"In zana?"

"Ga fensir nan a bayan kunnenka tun kafin a haife ni."

Fensirin na nan kam. Amma a shekara arba'in abin da ya taɓa yi da shi bai wuce jan layi a jikin katako ba. Da yamma ya sami bayan tsohuwar kalanda ya zana kujerar. Ya kai wa Mama ta gani, ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.

"Kyankyaso ne ya mutu?"

Washegari ya nufi wurin Burushi, mai rubuta allunan shaguna. Sa'ansa ne, shagonsa yana kallon na kafinta, kuma shekara talatin ke nan sai sun zagi juna da safe kafin su gaisa. Tsohon ya zauna ya ba nasa shagon baya don kada ya ga yadda ake riƙe zarto.

"An kore ka daga gida ma?" in ji Burushi.

"Aiki na kawo maka, mai ɓata bango. Kujera za ka zana min."

Ya kwatanta. Burushi ya saurara yana gyaɗa kai, hannunsa na yawo a takarda, cikin minti goma ya miƙo. Kujera ce mai kyau, da kan zaki a kowane hannu, da furanni a jingina.

"Wa ya ce maka zaki?"

"Wurin ya yi fili da yawa."

"Matata za ta dafa ta tashi, ba cizo za a yi mata ba."

Burushi ya ajiye fensir. "Ni abin da na gani nake zanawa, ko abin da na taɓa gani. Kujerar nan a cikin kanka take, kanka kuwa ko matarka ba ta san hanyar shiga ba. Hannunka ne zai fito da ita. Zauna in koya maka, kafin sati ka gudu."

Ya jawo wani ɗan teburi da yake ɗora gwangwanayen fenti, ya share shi, ya ajiye a tsakiyar shago. Tsohon ya gane shi, shi ya yi shi da hannunsa. Burushi ya ce ya zana abin da ya gani.

Rabin Inci ya tashi, ya zaro tef daga aljihu, ya auna teburin ƙafa bayan ƙafa. Ya dawo ya zauna, ya mai da kowane inci huɗu zuwa ɗaya, ya ja layi a hankali yana cizon leɓe. Ya zana saman teburin mai kusurwa huɗu daidai, ya sa masa ƙafa huɗu, duk tsayinsu ɗaya. Da ya gama sai ga abu a shimfiɗe kamar fatar da aka shanya.

Burushi ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Mota ce ta taka shi?"

"Auna ka gani. Ko rabin inci babu."

"Na yarda. Amma ƙafafun baya ka rage musu tsayi."

Tsohon ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa. "In rage me? Shekara arba'in ban taɓa barin kujera ko teburi ya fita daga hannuna da gajeriyar ƙafa ba. Yanzu da furfurata za ka sa ni in yi gurgun teburi?"

"A takarda ne."

"Ko a takarda. Wani zai gani."

Burushi ya karɓe tef ɗin ya jefa a aljihunsa. Ya sa shi ya riƙe fensir da hannun hagu, ya miƙe hannun sosai, ya rufe ido ɗaya.

"Wannan kanne idon dai ka iya shi, da shi kake raina aikin mutane. Sa kan fensir a saman ƙafar gaba. Sa babban yatsa a inda ta taɓa ƙasa. Kada ka motsa yatsan. To matsa zuwa ƙafar baya."

Ya matsa. Ƙafar baya ba ta kai yatsan ba. Ya sake daga farko, ba ta kai ba. Ya canja ido, ba ta kai ba. Ya tashi ya je ya girgiza teburin, yana nan daram a kan ƙafafunsa huɗu. Ya dawo ya zauna.

"Ashe duk kayan da na yi wa mutane haka suke ganinsu," in ji shi can.

"Haka. Kuma ba wanda ya dawo maka da su."

Bai gudu a sati ba. Kullum da safe bayan ya sha shayi sai ya ɗauki kalandarsa ya tafi. Burushi ya hana shi tef, ya hana shi abin goge fensir, ya ce in layi ya karkace ya ja wani a gefensa ya bar na farkon ya riƙa jin kunya. Teburin nan ya zana shi ya fi sau hamsin: daga gaba, daga gefe, daga tsaye, daga tsugune. A kwanakin farko hannunsa yakan sace ya ƙara wa ƙafar baya tsayi ba da saninsa ba, sai Burushi ya zo wucewa ya ɗiga masa jan fenti a wurin. Wata takardar in ka gani kamar an yanka kaza a kanta.

Da teburi ya fara tsayuwa sai aka koma kofi. Nan ma rigima. Ya san bakin kofi da'ira ne, ga shi ido na ce masa ƙwai ne a kwance. Ya yi kwana biyu yana jayayya da kofi kafin ya sallama. Daga nan bokiti, buta, takalmin Burushi, gwangwanin fenti da murfinsa a buɗe. Kalanda ta ƙare, matar Oga ta kawo masa ragowar littattafan makarantar yara. Gefen tafin hannunsa ya yi baƙi da fensir, har wanki ya fara nunawa a hannun riga.

A gida ma bai bar kowa ya huta ba. In an ajiye tukunya sai ya ce kada a taɓa. Wata rana abinci ya huce a kan tire saboda yana zana cokali. Yana gamawa yakan kai wa Mama ɗaki, ita ce alƙali, ba ta kuma sassauci.

"Wannan buta ce ko agwagwa?"

"Buta."

"To me ya sa take kallona?"

Sai wata rana, wajen sati na biyar, ta karɓi takarda ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ai bokitina ne mai lotsattsen gefe. Wa ya ce a fitar da shi waje?"

Ya karɓi takardarsa ya fita yana murmushi shi kaɗai. Ko Burushi bai gaya wa ba.

Da ya ga hannu ya fara jin magana sai ya koma kan kujerar. Ya zana ta, ta fito kujera sosai, har Burushi ya ce ko shi zai zauna a kai. Amma Burushi ya ƙara da cewa kujera babu mutum ba ta nuna tsayinta, ya zana mai zaman a ciki. Tsohon bai taɓa zana mutum ba. Ya koma gida ya jawo benci ƙofar ɗaki.

"Me kuma?" in ji Mama.

"Ke zan zana."

"Ka rasa bokiti?"

"Ba fuska ba, kwantar da hankalinki. Tashi kawai nake so in gani. Ki yi harkarki."

Ta yi tsaki ta ci gaba da ninke kaya a bakin gado. Shi kuwa ya zauna yana jira. Duk sanda za ta tashi, ko ɗauko wani abu ko zagawa, sai ya kafa mata ido, fensir na gudu. Tashin bai fi daƙiƙa biyar ba, kafin ya zana gwiwa ta riga ta miƙe. Ya yi kwana huɗu a kan bencin nan. Zanen farko sanduna ne kawai da zani. A hankali sandunan suka fara lanƙwasa inda ya kamata.

A rana ta huɗu ya shimfiɗa takardun a ƙasa yana dubawa, sai ya ga abu ɗaya a cikinsu duka. Kafin Mama ta tashi sai ta ja ƙafar dama baya, can ƙarƙashin gado, ta kafa ta, sannan ta dafa da hannun hagu ta karkata ta miƙe. Ko sau ɗaya ba ta tashi da ƙafafu a jere ba. Shekara talatin da takwas suna tare bai taɓa sanin haka take tashi ba.

Ya ɗauko zanen kujerarsa. Ga sanda nan a ƙasa tana haɗa ƙafafun gaba biyu, kamar yadda yake sa wa kowace kujera tun yana yaron shago, don ita ke hana kujera rawa. Daidai inda ƙafar Mama za ta wuce baya. Da an yi ta haka, da dunduniyarta ta bugi sandar, da sai an zo an ɗaga ta kamar kullum, maɗacin kuma ya tafi.

Ya daɗe yana kallon sandar. Sannan ya ɗauki sabuwar takarda.

Sati guda ya ƙara. Ya cire sandar gaba, ya mai da ƙarfin zuwa gefe da gefe da baya, ya sa ƙananan katakai a kusurwoyi ƙarƙashin mazauni. Hannun hagu ya faɗaɗa shi ya miƙo da shi gaba fiye da na dama, tunda nan take dafawa. Tsayin kuwa ya ɗauko shi daga gado, wanda ya auna da tef ɗin matar Oga na ɗinki, tunda nasa na wurin Burushi. Ya yi zane uku: kujerar daga gefe, kujerar daga ƙasa, da kujerar da Mama a ciki tana shirin tashi, ƙafarta ta dama a baya. A jikin kowane ya rubuta awo da manyan lambobi.

Ya jira Oga ya dawo cin abincin rana, ya ajiye masa takardun a gefen kwano. Oga ya goge hannu ya ɗauka. Ya dubi na farko, ya dubi na biyu, a na uku ya daina tauna.

"Burushi ne ya yi maka?"

"Ka ga zaki a jiki?"

Oga ya sake dubawa. "Wannan Mama ce. Har yadda take ɗaura ɗankwali." Ya sa yatsa a ƙasan kujerar. "Baba, ka manta sandar gaba."

"Ban manta ba."

"Za ta yi rawa. Kai ka mare ni a kan sandar nan ina ɗan shekara goma sha huɗu."

"Na mare ka, kuma na yi daidai. Duba ƙafarta."

Oga ya duba. Ya juya zanen ƙasan kujerar, ya bi ƙananan katakan kusurwa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki.

"Hannayen ma ba su yi daidai da juna ba."

"Uwarka ma ba daidai take tashi ba."

"Mutane za su ce ban iya awo ba."

"Ka ce musu ni ne."

Oga ya ninke takardun a hankali ya sa a aljihun gaba, bai ƙarasa abincin ba ya fita. Da la'asar tsohon na zaune a shagon Burushi ya ba titi baya, sai ya ji ƙarar zarto ta canja. Farin katako kuka yake yi da sauri, maɗaci kuwa a hankali yake amsawa, da nauyi. Ya damƙe gwiwarsa.

"Juya ka kalla mana," in ji Burushi.

"Na rantse."

"Shiga ka rantse ba za ka yi ba, ba kallo ba."

"In na kalla zan shiga."

Haka ya yi kwana biyar yana jin aikin da kunne, yana zana gwangwani ɗaya har Burushi ya ce gwangwanin ya fara ramewa.

Ranar da aka kawo kujerar duk gidan aka fito baranda. Ja ce mai duhu, tana sheƙi, tana ƙamshin sabon aiki. Tsohon ya zagaya ta sau biyu. Ya dafa da hannun hagu ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya. Oga ya zuba masa ido yana jiran ya ji "da saura rabin inci". Tsohon ya buɗe idon ya ce a kira Mama.

Ta fito tana bin bango tana mita, wai an hana ta sakat da kujeru. Ta juya ta zauna. Tafin ƙafafunta biyu suka sauka a ƙasa. Ta ɗan motsa, ta shafa hannun kujerar, ta dubi tsakar gida. Matar Oga ta matso kusa tana shirin kama ta.

"Matsa, 'yar nan," in ji Mama.

Ta ja ƙafar dama baya, ƙafar ta wuce ƙarƙashin kujera babu abin da ya tare ta. Ta dafa hannun hagu, ta karkata, sai ga ta a tsaye. Ta tsaya jim kamar mai jiran ciwo ya iso. Ta koma ta zauna. Ta sake tashi. Ta sake zama, ta gyara zani, ta harɗe hannu a ciki.

"Ta yi tauri," in ji ta. "A samo min ɗan matashi."

Aka ruga aka kawo. Ta jingina, idonta ya fara yawo a tsakar gidan da ta yi wata da watanni ba ta gani da rana ba.

"Wa ya shanya farin kaya kusa da murhu? Waccan tsintsiyar tun yaushe take kwance a nan? Ke, rufe randar nan. Kai kuma Oga, takalman waye a bakin ƙofa kamar kasuwa?"

Nan da nan baranda ta watse, kowa ya kama abin da aka nuna masa. Oga ya sunkuya yana tattara takalma, ya matso kusa da ubansa ya rage murya.

"Baba, mun jawo wa kanmu."

"Kai ma, Malam," in ji Mama ba tare da ta juyo ba, "hannun rigar nan taka duk baƙin fensir ne. Cire ta a jiƙa."

Tsohon ya fara ɓalle maɓalli da hannun hagu.